Jirginka Ba Ya Hawa Kwalta: Yadda Mai Jirgin Ruwa na Shaƙatawa a Amurka Zai Karɓo Harajin Man da Ya Biya

Duk wanda ya taɓa tsayar da jirgin ruwa a bakin famfon mai a Amurka ya san yadda lambobin nan suke gudu. Tankin ƙaramar mota yakan cika da galan 15, amma matsakaicin jirgin shaƙatawa sai ya sha 60 ko 80 bai nuna alamar ƙoshi ba. Galan ɗaya na Amurka kuwa lita 3.785 ne. Abin da masu jirage da yawa ba sa lura da shi shi ne, a cikin kuɗin kowane galan akwai harajin da asalinsa domin gina tituna da gyara su aka ɗora shi. Jirgi bai taɓa taka kwalta ba, bai taɓa fasa gada ba. Wannan ne ya sa wasu jihohi suka amince su mayar wa mai jirgi da wannan kuɗi, da sharaɗin shi ne zai miƙa hannu ya nema. Babu jami'in da zai bugo maka waya ya ce ga haƙƙinka nan yana jiranka. In ka yi shiru har wa'adi ya wuce, shi ke nan, kuɗin sun zama na hukuma.

Na rubuta wannan jagora ne domin 'yan'uwa mazauna Amurka da suka mallaki jirgin kamun kifi na nishaɗi, ko jirgin fita da iyali, ko babur ɗin ruwa, da waɗanda suka haɗa kuɗi suka sayi ɗaya tare. Aikin ba shi da wuya. Abubuwa biyu ne suke kayar da mutane, rasidi da wa'adi, kuma a kansu zan fi daɗewa.

Mataki na farko: ka gane cewa haraji biyu ne a cikin galan

Na farko na gwamnatin tarayya ne. Senti 18.4 ne a kan kowane galan na fetur, senti 24.4 a kan dizal, kuma tun shekarar 1993 ba a ƙara shi ba. Na biyu na jiha ne, kowace da nata, wata kaɗan wata da yawa. Jihar Oregon ce ta fara ɗora irinsa a 1919, senti ɗaya a galan, sauran suka bi sahu, tarayya kuma ta shigo a 1932.

Ka cire ranka daga harajin tarayya na fetur tun yanzu. Mai jirgin shaƙatawa ba ya samunsa. Dokar hukumar tara haraji ta IRS ta yarda a mayar da harajin fetur ɗin da aka ƙona a gona, ko a injinan sana'a da ba sa hawa titi, ko a jirgin masunta masu kamun kifin sayarwa, amma ta fito fili ta ware jirgin nishaɗi. Dalilin kuwa shi ne an riga an yi wa kuɗin mazauni. Tun 1984, da gyaran da ake kira Wallop-Breaux wanda aka yi wa dokar Dingell-Johnson ta 1950, harajin fetur ɗin da jiragen ruwa suka sha yana shiga wani asusu na musamman da ake raba wa jihohi domin kiwon kifi a tafkuna, gina wuraren sauke jirage, da koyar da kiyaye haɗari a ruwa.

Na tsaya a nan ne saboda akwai masu yawo a kafafen sada zumunta suna cewa kowa zai iya cike Fom 4136, takardar IRS ta neman a mayar da harajin mai na tarayya, ya kwashi dubban daloli. Ƙarya ce, kuma mai tsada. IRS ta sha saka wannan a jerin manyan zambar da take gargaɗi a kansu duk shekara, kuma tarar neman abin da ba shi da tushe takan kai dala 5,000, ban da mayar da abin da aka karɓa. Garin neman gira kada a rasa ido. Idan mai cike maka takardun haraji ya ce zai “saka maka kuɗin mai” alhali jirginka na fetur ne kuma na yawon shan iska, ka ɗauki takardunka ka fita.

Dizal daban ne, zan zo kansa. A yanzu abin da muke nema shi ne harajin jiha.

Mataki na biyu: wace jiha ce ta karɓi harajin?

Jihar da ka sayi man ita ce za ka nema a wurinta. Ba jihar da kake zaune ba, ba kuma wadda ta yi wa jirgin rajista ba. Wannan yana da muhimmanci ga masu shiga ruwan da ke kan iyaka. Tafkin Texoma yana tsakanin Texas da Oklahoma, tafkin Table Rock ya ratsa Missouri da Arkansas, kogin Columbia kuma shi ya raba Washington da Oregon. Mutum zai iya shan mai a wannan gaɓa da safe, ya ƙara a waccan da yamma. Rasidin kowace gaɓa dokar jiharsa za ta bi, kuma in ka cusa na wata jiha cikin takardar neman wata, za a cire shi, wani lokaci ma a dawo maka da takardar gaba ɗaya.

Ba kowace jiha ce ke mayarwa ba. Florida, duk da yawan jiragenta, ba ta mayar wa masu nishaɗi. Masunta na sana'a da manoma ne ke samu. California ma ba ta mayarwa ga jirgin da ke yawo a ruwan jama'a, tana karkatar da kuɗin ne zuwa asusun kula da tashoshin ƙananan jirage. Ga huɗu daga cikin masu mayarwa, domin ka ga yadda suka sha bamban:

Texas. Harajin fetur senti 20 ne a galan tun 1991. Ofishin Kwanturolan jiha ne ke karɓar buƙata, a kan Fom 06-106. Wa'adin shekara ɗaya ne, ana ƙirgawa daga ranar farko ta watan da ya biyo bayan wanda ka sayi man ko ka yi amfani da shi.

Missouri. Ma'aikatar kuɗin shiga ta jiha ce ke kula da shi. Fom 4923 shi ne na neman kuɗin man da ba a ƙona a titi ba, Fom 4924 kuma shi ne na gabatar da kai da kayan da kake zuba wa mai. Wa'adin shekara ɗaya ne daga ranar saye, ko 15 ga Afrilun shekarar da ta biyo baya, duk wanda ya fi nisa. Harajin ya daɗe a senti 17, sai dokar 2021 ta riƙa ƙara senti 2.5 duk shekara har ya kai 29.5 a ranar 1 ga Yulin 2025. Kada ka rikita Fom 4923 da ɗan'uwansa 4923-H. Shi 4923-H na motocin titi ne.

Washington. A nan ba ma'aikatar haraji ba ce, ma'aikatar ba da lasisi ce. Wa'adin wata 13 ne daga ranar saye. Harajin fetur ya kasance senti 49.4 tun 2016, ya koma 55.4 a Yulin 2025. Yana da tsoka, amma ana zare harajin sayayya daga ciki kafin a biya ka.

Connecticut. Fom AU-724. Sai man da kake nema a kansa ya kai galan 200, kuma takardar ta isa kafin ƙarshen watan Mayu na shekarar da ta biyo baya. Mai ƙaramin jirgi da ke fita sau biyar a shekara ba lallai ya kai wannan adadi ba.

Idan jiharka ba ta cikin waɗannan, shiga shafin intanet na ma'aikatar kuɗin shiga ko ta motoci, ka nemi sashen harajin mai, ka duba ɓangaren man da ba na titi ba. Tambayoyi huɗu za ka fito da amsarsu: shin jirgin nishaɗi yana ciki, mene ne mafi ƙarancin galan ko kuɗi, yaushe wa'adi ke cika, kuma asalin rasidi suke so ko kwafi. In shafin bai fayyace ba, buga musu waya. Ka faɗa musu kai tsaye cewa jirginka na shaƙatawa ne, domin amsar mai jirgin haya da ta mai jirgin iyali sukan bambanta. Majalisun jihohi kuma suna taɓa waɗannan dokoki lokaci zuwa lokaci, saboda haka fom ɗin bana za ka sauko da shi, ba wanda aboki ya ajiye tun shekara uku da suka wuce ba.

Mataki na uku: ka yi rajista tun kafin lokacin shiga ruwa

Wasu jihohi suna so ka buɗe asusu ko ka gabatar da kanka kafin buƙatarka ta farko, ko tare da ita. Za su nemi sunanka kamar yadda yake a takardar jirgin, adireshi, lambar shaidarka ta haraji, da bayanin jirgin: lambar rajistar da ke rubuce a gabansa, wadda ke farawa da haruffan jiha irin su TX ko MO ko WN, wani lokaci da lambar ƙirar gangar jirgin mai haruffa da lambobi 12 da ake bugawa a bayansa tun 1972. Ka yi wannan a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ake fito da jirage daga ajiyar hunturu.

Idan ku biyu ko uku ne kuka haɗa jirgi, ku zauna ku tsai da mutum ɗaya da zai riƙa saye da sunansa, zai fi kyau ya zama wanda sunansa ke kan rajista. Sauran su riƙa ba shi kasonsu. Rasidai masu suna uku a kan jirgi ɗaya suna jawo tambayoyi, kuma tsakanin abokai ma sukan jawo 'yar tsama idan kuɗi suka dawo ba a san na wa ba ne.

Mataki na huɗu: rasidi

Nan ne aikin yake. Hukuma ba ta ganin jirginka, ba ta ganin tafkin da ka shiga, takarda kawai take gani. Duk galan ɗin da ba shi da rasidi mai kyau, a wurinta ba a saye shi ba.

Rasidi mai kyau yana ɗauke da ranar saye, sunan mai sayarwa da adireshinsa, irin man, yawan galan, farashin galan ɗaya, da jimillar kuɗi. Jihohi da yawa suna so sunan mai saye ya fito a kai, wasu kuma suna so ya nuna an biya. Takardar banki da ke nuna an cire maka dala 240 a marina, wato masaukin ƙananan jirage, ba ta wadatar ba, domin ba ta faɗi galan nawa ba ne, ba ta kuma bambanta mai da ƙanƙara da abin ƙugiya da ka haɗa a ciniki ɗaya ba. Idan yaron famfo ya ba ka ɗan guntun da injin kati ya fitar mai jimilla kawai, ka nemi cikakke a ofis kafin ka kwance igiya. Ka ce musu na neman harajin mai ne. A jihohin da ke mayarwa, masu marina sun saba da wannan buƙata. Idan suna buɗe wa abokan ciniki asusu, buɗe, domin a ƙarshen shekara za su iya buga maka jerin duk abin da ka sha da sunanka a kai.

Sai masu jan jirgi a tirela, waɗanda su ne mafi yawa. Man gidan mai na bakin titi ya fi na marina araha, shi ya sa mutum yakan tsaya a hanya ya cika mota ya cika jirgi. Kuskuren da ake yi shi ne a zuba wa duka biyun a ciniki ɗaya. Rasidi ɗaya mai galan 55, wa zai tabbatar nawa ne ya shiga mota nawa ya shiga jirgi? Ka cika motar, ka mayar da bakin famfo, ka karɓi rasidinta. Sannan ka sake saka kati, ka cika jirgin, ka karɓi nasa daban. Minti biyu ne ƙari. A bayan na jirgin, ko a gefensa inda babu rubutu, ka sa lambar rajistar jirgin da biro nan take. Haka za ka yi da jarkoki: in na jirgi ne, cinikinsu daban, kuma kada ka juye ragowar a mota ranar Litinin sannan ka lissafa shi a matsayin man ruwa. Wannan ba dabara ba ce, cin haƙƙin jama'a ne, kuma takardar da za ka sa wa hannu tana ɗauke da rantsuwar cewa abin da ka rubuta gaskiya ne.

Abu na gaba, takardar rasidin kanta. Yawancin injinan yanzu da zafi suke bugawa, ba da tawada ba. Irin wannan takarda rana tana cinye ta, zafin cikin mota yana baƙanta ta, ruwa kuma yana gama da ita. Rasidin da aka jefa a aljihun jirgi a watan Yuni, kafin Disamba yakan koma farar takarda. Saboda haka tun ran gini ran zane: kana karɓa ka ɗauki hotonsa da waya, a shimfiɗe, kowace lamba tana karantuwa, ka tura hoton wani wuri da ba zai ɓace ba ko wayar ta faɗa ruwa. Asalin kuma ka sa shi a 'yar jakar leda mai zif, in ka koma gida ka mayar da shi ambulan da ke cikin inuwa. Kada ka manna masa salatif a kan rubutun, yana goge shi. Kada kuma ka bi lambar da ta dushe da biro don ka fito da ita, ko ka gyara kwanan wata. Rasidin da aka taɓa, ko da niyya mai kyau ce, jami'i zai ɗauke shi a matsayin wanda aka yi wa coge, kuma a wasu jihohi hakan kan rusa buƙatar baki ɗaya. Idan ya lalace, koma wurin mai sayarwa ka nemi ya sake bugo maka.

Mataki na biyar: ɗan littafin mai

Ba kowace jiha ke tilasta shi ba, amma ni ina ganin mai jirgi bai kamata ya rasa shi ba. Ƙaramin littafi, ko jadawali a waya, layi ɗaya ga kowane shan mai: rana, wuri, galan, farashi, da awannin da agogon injin ya nuna. Amfaninsa biyu. Ranar cike fom ba sai ka baje rasidai arba'in a kan tabarma kana lalube ba. Idan kuma aka zo bincike, awannin injin su ne shaidar cewa man da ka ce ka ƙona ya yi daidai da tafiyar da jirgin ya yi. Wanda ya nemi kuɗin galan 900 a kan jirgi mai ƙaramin inji da ya yi awa 20 kacal a shekara, ya gayyato wa kansa tambaya.

Wanda ke da tankin ajiya a gida ko a bakin ruwa, yana ɗiba yana zuba wa jirgi da injin yankan ciyawa da mota, shi dole ne ya rubuta kowace ɗiba da abin da aka zuba wa.

Mataki na shida: lissafi, da gaskiyar abin da zai shigo hannu

A ce ka sha galan 400 a shekara. A Texas, 400 sau senti 20 dala 80 ke nan, a zare ɗan abin da doka ta ce a zare. A Missouri, a kan senti 29.5, dala 118 ne. A Washington, a kan senti 55.4 na Yulin 2025, lissafin farko zai ba ka dala 221.60, amma ba ita za ka gani ba.

Dalilin yana da kyau a fahimce shi. A jihohi da dama, man da aka biya wa harajin titi an yafe masa harajin sayayya. Da zarar an mayar maka da na titi, yafiyar ta faɗi, sai man ya zama kamar kowace haja da ake saye a kanti. Kason jihar Washington kaɗai na harajin sayayya kashi 6.5 cikin ɗari ne, ban da na ƙananan hukumomi. Don misali kawai, in an ƙiyasta galan a dala 4, kashi 6.5 senti 26 ne, kusan rabin abin da kake jira ya tafi tun ba a sa na ƙaramar hukuma ba. Kuma duk lokacin da mai ya yi tsada, abin da ake zarewa yana ƙaruwa, alhali harajin titin yana nan yadda yake. Don haka kada ka yi wa kuɗin alkawari kafin su zo.

Ka kula da shekarar da aka canja haraji a tsakiyarta. A Missouri, man watan Yunin 2025 senti 27 ne, na Yuli kuma 29.5. Rasidai za ka raba gida biyu, kowane ka lissafa shi da nasa farashi. Galan kuma ka tara su yadda suke a rubuce har da ɗigonsu, sai a jimilla ka bi abin da fom ya ce game da cikewa ko zubar da ragowa.

Shin ya cancanci wahalar? Ga mai babur ɗin ruwa da ke shan galan 50 a shekara a Texas, dala 10 ce, ban ga laifin wanda ya bar ta ba. Ga mai jirgin da ke shan ɗaruruwan galan, aikin maraice ɗaya ne da zai iya biya masa rajistar jirgi ko sababbin rigunan kariya na yara.

Mataki na bakwai: cike fom da kiyaye wa'adi

Cika shi a natse. Suna ya yi daidai da na rasidi da na rajista. Wurin da aka tambayi abin da aka yi da man, zaɓi na jirgin ruwa, kada ka zaɓi noma ko sana'a don kana ganin sun fi saurin wucewa. Jera sayayyarka bi da bi daga littafinka. Sa hannu da kwanan wata. Fom marar sa hannu komawa yake yi, kuma kafin ya je ya dawo wasu rasidan sun tsufa.

Wa'adi shi ne mai kashe kuɗi a ɓoye, domin a jihohi irin su Texas da Washington ba rana ɗaya ce ga kowa ba, kowane rasidi da tasa ranar mutuwa. Fetur ɗin da ka saya ka ƙona ranar 10 ga Yuni a Texas, agogonsa ya fara daga 1 ga Yuli, kuma kafin 1 ga Yulin baɗi dole buƙatar ta shiga. Wanda ya ce bari ya tara na shekara biyu ya nema gaba ɗaya, rabin farko ya zubar. Shawarata ita ce ka ɗaure wannan aiki da ranar da kake fitar da jirgi daga ruwa don ajiyar hunturu, a Oktoba ko Nuwamba. A makon nan rasidan duk suna da rai, kuma ba ka manta komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu zama a kudu, inda ake shiga ruwa duk shekara, su zaɓi wata biyu tsayayyu, misali Janairu da Yuli, in dai kowane zango ya kai mafi ƙarancin adadin da jihar ta gindaya.

Inda akwai hanyar intanet, bi ta, ka adana lambar shaidar karɓa. Inda sai ta gidan waya, yi kwafin komai kafin ka rufe ambulan, musamman in asalin rasidai za ka aika, ka kuma biya kuɗin aike mai shaidar ranar da aka karɓa.

Masu jirgin dizal

Labarinku ya fi daɗi ta ɓangaren tarayya. A 1994 an ɗora harajin tarayya a kan dizal ɗin jiragen shaƙatawa, aka dakatar da shi a 1996, aka soke shi a 1997. Tun daga nan jirgin nishaɗi yana da damar shan rinannen dizal, mai launin ja, wanda ba a ɗora masa harajin titi na tarayya ba. Idan marinar da kake zuwa jan dizal take sayarwa, ba ka biya wannan haraji ba, don haka babu abin nema. Duba rasidin ko jikin famfon, doka ta sa a rubuta cewa rinanne ne.

Idan kuwa farin dizal ka zuba, irin na gidan mai na titi, ka biya harajin, kuma dokar IRS ta lissafa amfani da shi a jirgin ruwa cikin waɗanda ake mayar wa. Senti 24.3 ne a galan, domin ragowar kashi ɗaya cikin goma na senti na asusun gyaran tankunan ƙasa masu yoyo ne, ba ya dawowa. Galan 300 zai ba ka dala 72.90. Ana nemansa ne a Fom 4136, a haɗa da takardar harajin shekara, Fom 1040, wadda ake miƙawa zuwa 15 ga Afrilu. Akwai Fom 8849 na masu son karɓa kafin ƙarshen shekara, amma sai abin ya kai dala 750, kuma mai jirgin iyali da wuya ya kai nan. Tunda wannan fom ne 'yan zamba suka ɓata wa suna, ka sa ran za a iya tambayarka hujja, ka tanadi rasidai masu nuna cewa dizal ɗin ba rinanne ba ne.

Ta ɓangaren jiha kuma kada ka ɗauka dokar fetur ita ce ta dizal. Texas, misali, ta fi son wanda ba ya hawa titi ya sayi jan dizal tun farko maimakon ya biya ya dawo yana nema. Kuma jan dizal na jirgi ne kawai. Wanda aka kama da shi a tankin motar titi, tarar tarayya dala 1,000 ce ko dala 10 a kowane galan, duk wadda ta fi yawa, kuma launin yakan daɗe a tanki bayan man ya ƙare.

Bayan ka aika

Yakan ɗauki makonni. Idan aka biya ka ƙasa da abin da ka lissafa, nemi bayanin abin da aka zare; sau da yawa harajin sayayya ne, ko rasidi ɗaya da ya wuce wa'adi, ko wanda ba ya karantuwa. Idan aka ƙi gaba ɗaya, wasiƙar takan faɗi dalili da kwanakin da kake da su na ɗaukaka ƙara, kuma waɗannan kwanaki ba su da yawa, don haka kada ta kwana a kan tebur. Rasidai da littafi da kwafin fom, ajiye su aƙalla shekara uku bayan an biya ka, ko fiye in jihar ta ce haka.

Wanda yake ba da jirginsa haya wani lokaci, ko yake ɗaukar masu kamun kifi da kuɗi, ya shiga wani babi. Idan ya riga ya cire kuɗin mai a matsayin kashe-kashen sana'a, abin da aka mayar masa sai ya shiga cikin kuɗin shigarsa na shekara. Irin wannan ya zauna da akanta mai lasisi, ya raba tafiyar sana'a da ta iyali a littafinsa.

Ina kuɗin waɗanda ba su nema ba suke tafiya?

Ya kamata ka san wannan kafin ka yanke shawara, domin ba ɓacewa suke yi ba. A Washington, tun 1964 masu zaɓe suka amince da ƙudurin da ake kira Initiative 215, wanda ya ce harajin man jirage da ba a zo an karɓa ba a yi amfani da shi wajen sayen filayen bakin ruwa da gina wuraren jirage. Gangaren simintin da kake sauke jirginka a kai, da ɗan dandamalin da kake ɗaure shi, da wurin ajiye tirela, da yawansu da wannan kuɗi aka yi su. A Texas ma wani kaso na irin wannan kuɗi yana zuwa ga hukumar kula da gandun daji da namun jeji ta jihar, wadda jami'anta ne ke sintiri a tafkuna.

Saboda haka akwai masu jirgi da suke barin nasu da gangan, kuma ina girmama wannan. Bambancin da nake so a gane shi ne tsakanin wanda ya bari da saninsa da wanda ya rasa saboda rasidinsa ya goge a aljihun jirgi. Ko wanne ka zaɓa, ka tara rasidan bana tukuna. In Oktoba ta zo ka zauna da littafinka, ka ga adadin da idonka, sannan ka yanke ko za ka cike fom ko za ka bar wa gangaren da kake sauka a kai.